Tsakanin Hantsi da Azahar

Alhamis, da hantsi. Al Asmakh, Doha, 2018

Ban je aiki ba. Na aika wa shugaban garejinmu cewa zazzaɓi ne, kuma ban yi ƙarya duka ba, domin tun jiya jikina yake tafasa kamar tukunyar da aka manta a kan wuta. Hannuna na dama ya kumbura, leɓena ya tsage. Na wanke tabarmar da muke cin abinci a kai, na shanya ta a saman gida, na sake sauko da ita na wanke. Ruwan ya daina yin ja, amma hancina bai yarda ba.

Edwin yana asibiti. Ɗantala ne ya kai shi.

Ya kai littafina, da ka ɗauki baitocina shekara shida ba ka taɓa ƙorafi ba, ɗauki wannan ma, amma kada ka tambaye ni.

Alhamis, bayan La'asar

Bari in jera maganar yadda take, ko ƙirjina ya sassauta.

Ƙasar Kanada ba ta duban fuskar mai son zama cikinta, auna shi take yi. Mutum ya shigar da bayanansa ta kwamfuta, su ba shi maki a kan shekarunsa da karatunsa da Turancinsa da daɗewarsa a sana'a, sannan ya shiga layi. Bayan kamar mako bibbiyu sukan ja igiya a kan wani adadi. Wanda makinsa ya kai, a aiko masa da gayyata. Wanda bai kai ba, ya ci gaba da jira.

Ni Uwais, Bazazzage, mai digiri biyu a fannin lantarki, wanda kafil, ubangidan da ya kawo ni ƙasar nan, ya rubuta a matsayin mai gyaran janareto a Sanaiya, unguwar masana'antu, makina ɗari huɗu da arba'in da ɗaya. Edwin, abokin ɗakina, ɗan Bukuru, mai gyaran na'urorin asibiti, makinsa ɗari huɗu da arba'in da ɗaya. Na fi shi karatu, ya fi ni ƙuruciya, ma'auni ya tsaya cak. Ɗantala direba, na ukunmu a ɗakin nan, har tagwaye yake kiranmu.

Jiya aka ja igiya a kan adadinmu daidai. Wayar Edwin ta yi ƙara. Tawa ta yi shiru.

Ashe akwai doka a ƙasan sanarwar. Idan masu maki ɗaya suka fi gurbin da ya rage yawa, ba a duban wanda ya fi 'ya'ya, ba a duban wanda furfura ta fara ci. Ana duban wanda ya riga shigar da bayanansa, ranar da sa'ar. Suka yanke a kan wata Juma'a da ta wuce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe a agogon Doha. Wanda ya shiga kafin nan ya haye. Wanda ya shiga bayan nan ya zauna. Kuma ko ka gyara bayananka sau ɗari, lokacin da ka fara dannawa shi ne naka har abada.

Na san Juma'ar nan. Kwamfuta ɗaya gare mu. Nawa bayanan sun kammala tun Talata, maɓalli ɗaya ya rage. Amma mahaifina ya rene ni a kan cewa babban al'amari ba a soma shi sai an sauko daga masallacin Juma'a. Haka aka ɗaura aurena, haka aka haƙa harsashin gidanmu, haka na sa hannu a takardar zuwa ƙasar nan. Da safiyar ranar, kwamfutar tana kan cinyata, Edwin yana ɗaura takalmi zai bi motar coci, domin a nan ranar Juma'a suke ibadarsu. Da hannuna na miƙa masa. Na ce, "Yi naka, ƙanena, ni sai na dawo da albarkar Juma'a a goshina." Ya danna yana tauna burodi. Ni na danna bayan Azahar, da farar riga, da turare, da bisimilla.

Aka ɗora mu bisa ma'auni ɗaya,
Nauyi ya zo daidai, babu ragowa,
Sai ga agogo ya zauna shari'a,
Ya ba wa hantsi, ya bar azahar da kuka.

Saura mako bakwai in cika shekara arba'in. Ranar da na cika, ma'auninsu zai zare mini maki biyar, kuma daga nan gangara ce ba tsayawa.

Juma'a, bayan an sauko

Liman ya yi huɗuba a kan haɗiye fushi. Ban ɗaga kaina ba har aka tada salla.

Abin da Edwin ya faɗa, wannan zan rubuta. Ranar Laraba ce bayan Magariba, muna cin shinkafa da wake. Ya karanta dokar da ƙarfi, ya lissafa da yatsunsa, sannan ya fashe da dariya har ya ƙware.

"Kai, Malam! Ashe albarkan nan ta yi ɓatan hanya, ta bi ni coci! Ni da ko wanka ban yi ba ranar!"

Ɗantala ya ce, "Edwin, ya isa haka."

Bai ji ba. Ya ɗaga cokali a gaban bakinsa, ya kwaikwayi muryar da nake rera baiti da ita. "Yalla, Sha'iri, yi wa agogo waƙa mana. Ƙila ya ji tausayin tsoho ya koma baya."

Shekara shida muna irin wannan wasa, shi ya ce mini Baba Liman, ni in ce masa ɗan fasto, ban taɓa jin zafi ba. Ni na zaunar da shi wata uku ina gyara masa rubutun Turanci kafin jarrabawa. Jakar kayan aikina tana gefen tabarma, bakinta a buɗe, babbar sifana a sama.

Daga nan alƙalami ba ya tafiya.

Asabar, da safe

Ɗantala ya dawo daga asibiti, ya rufe ƙofa, ya cakumi wuyan rigata ya haɗa ni da bango har ƙeyata ta bugu. Wannan mutum da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Muƙamuƙi ya karye wuri biyu. Sun ɗaure bakin da waya. Kunnen hagu kuma sun ce sai yadda Allah ya yi. Ka ji, Injiniya? Ka ji da kunnenka biyu?"

Na ce na ji.

"Na gaya musu daga tsani ya faɗo yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Shi ma haka ya rubuta musu. Ba don kai ba ne, kada ka ji daɗi. Kwana sittin suka ba shi ya haɗa takardunsa, cikinsu har da shaidar 'yan sanda cewa ba shi da laifi a ƙasar nan. In aka ce faɗa ne, ku biyun za a rubuta, tunda shi ma ya fasa maka leɓe. To wallahi in ka buɗe baki ka ce faɗa ne, ni zan ƙarasa fasa leɓen."

Ya sake ni, na zame ƙasa. Ya tsallake ƙafafuna ya je ya dafa shayi, kofi ɗaya.

Litinin, bayan La'asar

Na je asibitin. Ban kai ga gadon ba.

Kaneng, matar Edwin, ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune a gidan ma'aikata mata a Al Sadd. Shekara huɗu da aurensu ba su taɓa kwana wata guda ƙarƙashin rufi ɗaya ba, wannan shi ne abin da suke nema a ƙasar sanyi. Ita ce take aiko mana gwate ranar hutu, tana kirana Yaya Uwais. Yau ta tare ni a bakin matakala, ta dubi ledar lemon da na riƙo, ta dubi hannuna mai kumburi.

Marin ya zo ta hagu. Lemo ya gangara matakala ɗaya bayan ɗaya, ina jin faɗuwar kowanne.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "shekara tara ina wanke ciwon waɗanda suka faɗo daga tsani. Tsani ba ya bugun mutum sau biyu a wuri ɗaya."

Na buɗe baki.

"Kada ka yi mini waƙa. Ka ji ni da kyau. Bakinsa a ɗaure yake da waya, nawa a ɗaure yake da takarda. Waya za a cire. Takarda za ta fito."

Ta juya. Wani mai shara ɗan Nepal ya tsinto mini lemon guda uku, na ce ya riƙe.

Talata, da asuba

Ƙarar ta sake tashe ni. Kamar an fasa kwakwa a kan dutse.

Alhamis, bayan Magariba

Yau a layin motar ma'aikata a Sanaiya wani mutum ya ratso ya shiga gabana. Ban san shi ba, ban san yarensa ba. Kafin in ankara na damƙi kafaɗarsa na wurga shi kan kwalta, hular aikinsa ta yi gefe tana juyi. Na ji bakina yana cewa, da Hausa, "Na riga ka! Na riga ka zuwa!" Mutane suka riƙe ni. Shi ya tashi yana kaɗe gwiwa, yana cewa khalas, khalas, wato ya wuce, ya koma can ƙarshen layi.

Na zauna a motar ina kallon hannuna kamar na aro shi daga wani.

Da rana ma, wani ƙusa mai zare ya ƙi kwancewa a jikin janareto, na yi ta dukansa da guduma har ƙotar ta tsage. Na yi aikin yini duka da ƙaramar sifana. Babbar tana ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tsohuwar jarida.

Asabar, da hantsi

Matata Haulat ta kira daga Zariya. "Abban Raliya, muryarka ta canja. Ko sun ja igiyar?"

Na ce sun ja, ta tsaya daf da ni.

"To ai ta kusa ke nan. Edwin fa?"

Na ce Edwin ya faɗo daga tsani.

Ta yi salati, ta ce in gaishe shi, in gaida Kaneng, in dafa masa kunun gyaɗa mai ruwa tunda ba ya iya tauna. Ta koya mini yadda ake tace shi. Na saurara har ƙarshe, ina cewa to, to.

Laraba, bayan Isha'i

Mako biyu cif. An ja igiya. Maki ɗaya a samana.

Da agogo yana da wuya, da na shaƙe,
Da yana da haƙora, da na

Na soke baiti na biyu. Ba zan ƙarasa shi ba.

Agogon bangon ɗakinmu kuwa, wanda Edwin ya sayo a kasuwar Larabawa mai hoton jirgin ruwa a fuska, na sauke shi na taka shi da takalmin aiki har allurorinsa suka lanƙwashe. Gilashi ya shiga tafin ƙafar Ɗantala da ya shigo. Ya zauna a bakin gado yana zare shi da tsinke. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, da yamma

An sallami Edwin. Bai dawo ɗakin nan ba. Mutanen cocinsu biyu suka zo suka kwashe kayansa, har kwamfutar, ba su amsa sallamata ba. Katifarsa tana jingine a bango, da shatar jikinsa a tsakiya.

Nauyinmu ɗaya ne. Ina ta maimaita wannan kamar wuridi. Nauyinmu ɗaya ne.

Lahadi, bayan Magariba

Ɗantala ya yi mini magana yau, karo na farko cikin kwanaki.

"Na kai Kaneng ta karɓo wa mijinta shaidar 'yan sanda. Ta fito fes."

Na ce alhamdulillahi.

"Ba hamdala na zo nema ba. Injiniya, kai mai digiri biyu ne ko mai kunne biyu na ado? Takardarsa ta fito. Abin da ya ɗaure musu baki ya kwance. Gobe ka tashi ka je ka nemi taka tun sunanka yana da tsabta, ka ajiye ta ƙarƙashin katifa."

Na ce ba a gayyace ni ba tukuna, ba ya kyautuwa mutum ya riga ƙaddara zuwa. Na ce kuma Edwin ƙanena ne, mun ci abinci a faranti ɗaya shekara shida.

"A farantin nan ɗin ka same shi," in ji shi. Ya juya fuskarsa bango.

Gaskiyar da ban gaya masa ba: ƙafata ba ta iya nufar ƙofar da ɗan sanda yake tsaye a bakinta. Ina ganin kakin sai in ji an karanta abin a goshina.

Litinin, da azahar

Na dafa kunun gyaɗar. Na tace shi yadda ta ce. Ya huce a kan tebur, na zubar.

Laraba, bayan La'asar

Ta zo! Ya littafina, ta zo!

Ina ƙarƙashin janareto, mai yana ɗiga a fuskata, wayar ta yi ƙara a aljihuna. An ja igiya a kan ɗari huɗu da arba'in da ɗaya, an matso da lokacin gaba, ya haɗiye azahar ɗin Juma'ar nan da duk wanda yake cikinta. Sunana a rubuce, gayyata a buɗe, kwana sittin a gabana, kuma tun kafin arba'in ta cim mini. Na yi sujada a kan simintin gareji, goshina ya tashi da baƙin mai.

Ƙofar da na buga har hannu ya fashe,
Ashe ba a kulle take ba, layi ake bi,
Hantsi ya shige, azahar ta biyo shi,
Rana ɗaya ce ta haife su duka.

Ashe layi ne kawai. Da na zauna na cinye shinkafata, na bar yaro ya yi dariyarsa ya gaji, da mako huɗu ya kawo ni inda nake yau. Wannan tunani ya zo mini a tsakiyar murna kamar tsakuwa a cikin tuwo. Na ture shi gefe.

Na kira Haulat. Ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Alhamis, da hantsi

Na ɗauki azumin godiya. Ɗantala ya tashe ni da sassafe, makullin mota a hannunsa.

"Tashi in sauke ka ofishin shaidar nan. Suna buɗewa ka shiga, kafin azahar ka fito da ita a hannu. Gobe da jibi a rufe suke."

Na ce yau ranar godiya ce, ba ranar zaman benci ba. Zan kammala waƙar hamdala, gobe in yi sadaka bayan an sauko daga masallaci, Lahadi in shiga ofishin da ƙafar dama.

Ya ce, "Wallahi, Injiniya, ban taɓa ganin mutumin da rami ɗaya ya yi wa daɗi irinka ba." Ya buga ƙofa har ƙusar da agogo yake rataye a jikinta a da ta yi rawa.

Waƙar ta kai baiti talatin da ɗaya. Ita ce mafi kyau da na taɓa yi.

Lahadi, bayan Magariba

Na sa farar riga. Na shafa turare.

Ma'aikacin ofishin shaidar ya karɓi katin zamana, ya danna, ya dubi allon, ya dube ni. Ya ce akwai mushkila, in zauna. Na zauna. 'Yan sanda biyu suka zo, ɗaya ta kowane gefe, suka murɗe hannuna na dama, wanda bai gama warkewa ba, har na ji ƙashin yana magana. Turarena ya cika motarsu.

A caji ofis suka ajiye babbar sifana a kan tebur, da jaridarta. Ban tambayi wanda ya nuna musu ƙarƙashin gado ba. Akwai rahoton likita na biyu. Akwai sa hannun shaida, na gane rubutun, domin direba ne mai danna biro kamar yana huɗa.

Edwin yana zaune a benci, Kaneng a gefensa. Ya rame. An cire wayar, amma bakin ya karkace, kuma da na yi sallama sai da ya juyo da kunnen dama. Takardunsa sun tafi Kanada tun safiyar Alhamis, komai ya cika.

Na tambayi jami'in yaushe aka shigar da ƙarar. Ban san dalilin da ya sa na tambaya ba. Ya duba ya ce ranar Alhamis, ƙarfe biyu na rana.

Ofishin shaidar ya buɗe da safe. Safiyar nan tawa ce. Mota tana bakin ƙofa.

Edwin ya miƙe a hankali, ya matso har ina jin warin maganin da ke bakinsa. Maganar tana fita da ƙyar, ta gefe ɗaya.

"Malam, kada ka ce ban koyi komai a wajenka ba. Ni ma na jira sai bayan Azahar. Don albarka."

Bai yi dariya ba. Da ya yi, da na san yadda zan yi da shi.

Laraba, da yamma

Kafil ya tsaya mini aka sake ni. Fasfona yana hannunsu, an hana ni fita ƙasar sai an yi shari'a, bayan shari'a kuma fita ɗaya ce, ba ta inda na nufa ba. Ɗantala ya koma ɗakin wasu 'yan Ghana a ƙarshen lungu. Katifa biyu a jingine yanzu.

Gayyatar tana nan a wayata, tana ƙirga kwanakinta ita kaɗai.

Talata, da hantsi

Yau na cika arba'in.

Haulat ta aiko hoto. Ta je kasuwar gwanjo ta sayo wa yara rigunan sanyi masu kauri, da huluna, da safar hannu. Ga su uku a jere ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, gumi yana tsiyaya a fuskokinsu, suna dariya. Raliya ta aiko murya: "Abba, wai ƙanƙarar can in an taɓa ta tana cizo?"

Na ɗauki wayar in gaya wa uwarsu komai, tun daga tabarma. Sai na ji zuciyata tana cewa, da muryar mahaifina, babban al'amari ne wannan, bari sai an sauko daga masallacin Juma'a.

Yau Talata. Rana ko tsaka ba ta yi ba. Ban yi wanka ba.

Na danna.